Wasiƙa zuwa Fatakwal: maganar zuciyar Auta

Assalamu alaikum, aminiya.

Ya gida, ya maigida, ya yaran? Ya ruwan Fatakwal da ba ya jin kunyar sauka? Mu nan ƙasar Gumel kaka ta shigo, an yanke gero, dawa na kan hanya, riɗi kuma bana ya yi albarka, har masu gona sun fara ɗaga kafaɗa a kasuwar Maigatari. Shirun ya yi yawa, amma ke ma ba ki da bakin magana, saƙonki na ƙarshe tun kafin babbar sallah ne, shi ma tambayar kuɗin fili ce ta kawo shi. Maganar filin sai wani jiƙon, bari in fara sauke abin da ke raina.

Ƙanwata Auta ta haihu, mace kuma, ta uku ke nan. Haihuwa lafiya lau, a hannuna ma aka yi ta. Bayan suna da 'yan kwanaki sai ta fara haki. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa bango. Da dare ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo ta jingina, ga wani busasshen tari da ke tashinta a tsakar dare. Mijin ya kai ta wani asibiti, aka ce gajiyar jego ce, aka ba ta maganin ƙarin jini ta dawo. Ranar da na je duba ta na danna babban yatsana a ƙwaurinta, na ɗauke, ramin ya tsaya yana kallona. Jijiyoyin wuyanta sun yi ruɗu-ruɗu. Ban jira shawarar kowa ba, na ce Kano za mu. A asibitin Malam Aminu Kano aka yi mata hoton zuciya, likita ya juyo mana da allon, zuciyar ta buɗe ta saki kamar tsohon guga, tana motsi amma ba ta tura jini yadda ya kamata. Ciwon zuciyar masu jego ne, wanda muka karanta a makarantar ungozoma, ko da yake ke a ajin nan barci kike yi a bayan Doguwa.

Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. An ɗora ta a kan maganin fitar da ruwa da na ƙarfafa zuciya, kumburin ya saɓe, tana cin tuwo. Amma gida ya kama da wuta. Yaya Babba ya ce wankan jego da kunun kanwa ne suka kashe mata zuciya, Gwaggo ta ce ita ta yi jego goma da ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa, ga ta nan daram. Kin san su biyun in suka haɗu.

Ɗan Yaya da ke Jami'ar Bayero shi ya raba gardamar, ko in ce ya ƙara mata gishiri. Ya bugo mini takardun binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye, likitan zuciya a can Kano, wanda ya shafe shekaru a kan wannan ciwon. Aminiya, takardu ne jingim, da fitilar waya nake bin su bayan isha, ina tsallake lissafin da ya fi ƙarfina. Ashe maganar Yaya Babba tsohuwa ce. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura ciwon ya yi yawa a matan Hausawa, suka ɗora laifin a kan gishirin kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Haka aka yi ta koya mana. Shi kuma Farfesa ya auna jinin matan, a 2015 ya fitar da cewa masu ciwon na fama da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci irin su ƙwai da kifi da nama. Daga baya shi da abokan aikinsa suka tattara bayanan mata daga asibitoci da dama a faɗin Najeriya, sakamakon ya fito a 2020. Abubuwan da suka fi tafiya tare da ciwon su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Wanka da kunu ba su fito a matsayin manyan masu laifi ba. Kuma a nan arewa ana maganar kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, alhali a Amurka ɗaya ce cikin dubbai.

Da na karanta wa Gwaggo sai ta yi guɗa. Na ce kada ki yi saurin murna, mai ciwon zuciya dai ba za ta sha kanwa ba, gishiri yana tara mata ruwa, ko takarda ta ce me.

Abin da ya tsaya mini shi ne jerin nan: rama, rashin karatu, rashin sana'a. Ciki da haihuwa nauyi ne da Allah ya ɗora wa jikin mace, wannan babu gardama. Amma wa ya sa Auta ta rame? Kin san gidan. Kwanon maigida a fara zubawa, da tsokar nama a kai, sai na samari, sai yara, mai tsohon ciki ita ce ta ƙarshe da kankarar tukunya. Kajinta ne ke yin ƙwai, amma ƙwan na kasuwa ne, da shi ake sayen omo da magi. An cire ta a aji biyu na sakandare, ba ta da ko sisin da za ta ce nata ne ta hau mota zuwa awo. Rabin ciwon halitta ce ta kawo shi, ɗaya rabin mu muka dafa shi a tsakar gida. Na faɗa wa Yaya Babba haka, ya ce na fara zama 'yar boko. Ni da na girme wa bokon nasa!

Kada ki ce mu kaɗai ne, Turawan ma ba su tsira ba. Yaron nan ya nuna mini cewa a 1977 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a cire matan da ke shekarun haihuwa daga gwajin farko na sababbin magunguna, saboda tsoron abin da maganin talidomaid ya yi, da masu ciki suka sha aka haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa. Niyyar kirki ce, amma sai aka wayi gari ana auna magani a jikin maza ana rubuta wa mata. Babban gwajin asfirin na hana bugun zuciya da aka fitar a 1989, likitoci maza sama da 22,000 aka yi da su, babu mace ko ɗaya. Sai a 1993 aka yi doka cewa binciken da gwamnati ke biya dole a sa mata. Har 2013 sai da suka rage wa mata rabin wani maganin barci, zolfidem, don an gano yana daɗewa a jininsu har safiya. To in haka ake a can, wa zai tsaya auna zuciyar matar ƙauye? Shi ya sa nake ganin girman wanda ya zauna a Kano ya ce matan nan zai bincika.

Af, kin ji Uwar Biyu ta koma ɗakinta? Wai shi ya je biko da kansa, da buhun shinkafa a bayan babur, ya faɗi a kwalbatin bakin makaranta. Ta ce tausayi ne ya mai da ita. Ni dai ban ce komai ba.

Ina cikin maganar bincike. Farfesa Hadiza Galadanci ma, ta can Bayero, tana cikin waɗanda suka yi aikin zubar jini bayan haihuwa da aka fitar a 2023, a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wata leda ce mai awo ake shimfiɗa wa mace, jinin na taruwa ana ganin lamba, da ya kai mililita 500 sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda ya tsage. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Mu nan har yau da ido muke kintata, muna ƙirga zannuwan da suka jiƙe. In kin ga ledar a asibitinku ki gaya mini yadda take a hannu.

Damuwata yanzu ita ce gaba. Likita ya faɗa ƙarara, a gaban mijin, cewa in zuciyar ba ta koma daidai ba wani cikin na iya tafiya da ita, sai an sake hoto an gani, kuma a yi tazara. Mijin ya gyaɗa kai a ofis. Muna isowa gida uwarsa ta fara waƙar mata uku babu magaji. Auta ba za ta iya buɗe baki ba, kin san ta, ko ruwa aka hana ta sai ta ce ta ƙoshi. Na yi magana da Malam Liman, ya ce kare rai na gaba da komai kuma zai kira mijin, amma har yanzu shiru. Ni kuma in na matsa a ce yayar matar ce ke son raba aure. Maganin ma na wata-wata ne, kuɗin riɗi zai ɗauke mu zuwa rani, bayan nan sai abin da Allah ya yi.

Ga abin da nake roƙo. Mijin Auta yana jin maganar maigidanki tun suna tsangaya, ba ya ƙetare ta. Ki sa ya kira shi kamar gaisuwa ce, ya bi da shi a hankali, kada ya nuna daga wurina ta fito. Ranar Alhamis yana Maigatari, can ya fi samun sabis, da yamma bayan an tashi kasuwa.

Inna na gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko ya ƙare. Doguwa za ta aurar da 'yarta bayan an gama sussuka, ta ce in ba ki zo ba kada ki sake kiran ta ƙawa, ankon ma atamfa ce mai ruwan goro, ki turo kuɗinki da wuri. Ki shafa mini kan yaran.

Taki,
Ungozomar ƙauye