Likitoci biyu na gani, wa zan miƙa wa jikina?

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Allah ya saka da alheri bisa yadda kike sauraron matsalolinmu a wannan fili.

Matsalata ita ce girman mama. Tun ina budurwa nake da shi, amma bayan haihuwa da shayarwa abin ya wuce misali. Yanzu shekarata 37. Wuyana da gadon bayana ba sa barina in yi barcin kirki, igiyar rigar mama ta yi min rami a kafaɗu har fatar wurin ta yi baƙi, idan kuma ana zafi ƙarƙashin maman ya saɓe, ƙuraje su feso. Na yi gashin ƙashi, na sauya rigunan mama, na rage ƙiba daidai iyawata. Likitan da ke duba bayana shi ya fara cewa in yi tunanin tiyatar rage mama, mai gidana ma ya amince. Maganar yin aikin dai na riga na yanke. Abin da ya hana ni sukuni shi ne hannun wa zan shiga, kuma a wane asibiti.

Na farko ƙawata ce ta turo min shafinsa na Instagram. Hotunan mata ne birjik, kafin aiki da bayan aiki, kowace ta fito tsaf. Da na tuntuɓe su, wata ma'aikaciyarsu ce ta riƙa amsa min ta WhatsApp, ita ce ta ce akwai rangwame amma zai ƙare ƙarshen wata, in ba da kafin alƙalami a riƙe min rana. Na je na ga wurin. Gaskiya akwai tsafta, ga kujeru masu kyau, ga ƙamshi, sai dai gida ne aka mayar asibiti, ɗakin tiyatar yana hawa na sama kuma matattakalar ƙunci gare ta. Likitan mutum ne mai fara'a, amma zamanmu bai fi minti goma ba. Ya ce a ranar zan koma gida, har ya ƙara da cewa tunda za a sa ni barci, gara a haɗa da zuƙe kitsen ciki gaba ɗaya, abin da ban je nema ba. Na tambayi wanda zai ba ni maganin barci, ya ce suna da mutuminsu. Na ce to idan jini ya ɓalle fa? Ya yi murmushi ya ce su ba su taɓa samun matsala ba. Anti, wannan amsar ce ta tsaya min a rai. Mutumin da yake yanka jikin mutane shekara da shekaru ya ce bai taɓa ganin matsala ba, ko dai bai yi aikin da yawa ba, ko kuma ba ya son faɗa min.

Na biyu a babban asibiti yake, sai da na sha layi kafin in gan shi. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da mu, ya ɗauko tef ya auna daga ramin wuyana zuwa kan mama, kowane ɓangare daban, ya rubuta. Ya zana min a takarda inda tabon zai bi: ya zagaye baƙin kan maman, ya sauko ƙasa, sannan ya bi lanƙwasar ƙarƙashi. Ya tambaye ni ciwon suga da hawan jini, ko jini ya taɓa daskare min a ƙafa, ko ina shan maganin tazarar haihuwa, ko ina shan taba, ko akwai mai sankarar mama a danginmu. Har hujin kunnena ya duba da tabon tiyatar haihuwata, wai yana son ya ga ko fatata tana yin tabo mai kumburi, domin an fi samun hakan ga masu baƙar fata. Sannan ya faɗa min abin da ban so ji ba. Ya ce jin taɓawa a kan maman zai iya raguwa, shayarwa za ta iya yin wuya idan na sake haihuwa, ɓangarorin biyu ba lallai su zo daidai cif ba, kuma a wasu lokuta ƙalilan kan maman yakan mutu idan jini bai isa gare shi ba. Zan kwana a asibiti, naman da aka cire kuma za a kai ɗakin gwaji a duba. Ranar aikin sai bayan watanni. Na fito jikina a sanyaye.

Ƙawata ta ce wannan tsoratar da ni kawai ya yi, wanda ya san aikinsa ba ya dogon surutu, kuma ina hotunan aikinsa? Ta ce da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ba na zarginta, ta ga irin wahalar da nake sha, so take in huta.

Ban zauna haka ba, na yi ɗan karance-karance. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, a ƙasashe da yawa duk likitan da ke da lasisin aiki zai iya buɗe wuri ya ce yana gyaran jiki, ko da bai yi horon ƙwarewa a wannan fanni ba. Alhali a Amurka, kafin a ba mutum shaidar ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki sai ya yi aƙalla shekara 6 yana koyon tiyata bayan gama makarantar likita. A Ingila kuma, ƙa'idar da hukumar likitocinsu ta fitar a 2016 ta ce wanda zai yi aikin shi da kansa zai zauna da mara lafiya ya nemi amincewarsa, ba wakili ba, ta kuma hana irin tallan da ke ingiza mutum ya yanke shawara cikin gaggawa. Da na karanta wannan sai rangwamen ƙarshen watan nan ya faɗo min. Na kuma ga cewa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da ake tantancewa kafin a sa mutum barci, kafin a tsaga fata, da kafin a fito da shi daga ɗakin tiyata. A asibitoci takwas da aka gwada shi, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8. Takarda ɗaya ce fa, amma ban san ko ɗaya daga cikin wuraren nan biyu yana amfani da ita ba, domin ba a nuna wa mai zuwa ganin likita.

Nan ne nake buƙatarki, Anti. Duka biyun akwai takardun shaida rataye a bangon ofisoshinsu, ni kuwa ban iya bambance ta ƙwarewa da ta halartar bita ta 'yan kwanaki ba. Shin mutum irina zai iya zuwa hukumar da ke yi wa likitoci rajista ya tambaya ko wane an yi masa rajista a matsayin ƙwararren likitan gyaran jiki, kuma ko an taɓa hukunta shi? Shi ma asibitin, wa ke ba shi izinin yin tiyatar da ake sa mutum barci gaba ɗaya, kuma ina da ikon in ce a nuna min takardar? Ina so in san ko mai ba da maganin barcin likita ne da ya ƙware a kan haka, ko zai tsaya a kaina har in farka, ko akwai jini da iskar oksijin a ajiye, da kuma inda za a garzaya da ni idan abu ya ɓaci. Matattakalar nan ta wurin farko, na kasa gane yadda za a sauko da wanda bai san inda kansa yake ba ta cikinta.

Zuciyata ta fi karkata ga na biyun, ba zan ɓoye miki ba. Amma girman asibiti shi kaɗai bai ishe ni ba. Na san a irin waɗannan wurare akwai likitoci masu koyon aiki, to shi ne zai riƙe wuƙar da hannunsa ko wani zai ba? Irin wannan aikin na rage mama sau nawa yake yi a shekara? Idan ɗinki ya buɗe da tsakar dare bayan an sallame ni, wa zan kira? Waɗannan tambayoyin suna bakina lokacin da nake gabansa, amma nauyinsa ya hana ni furtawa, ina tsoron kar ya ɗauka raina iliminsa nake yi, ya ji haushina tun kafin ya taɓa ni.

Don Allah ki koya min yadda zan yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi ba tare da na bar ko ɗaya ba, ki kuma faɗa min ko ya dace in nemi likita na uku in ji ta bakinsa kafin in tsayar da rana. Idan akwai wani ƙwararre da kike tuntuɓa a irin wannan lamari, ki taimaka ki miƙa masa wasiƙata. Ina roƙon a sakaya sunana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Wata mai bibiyar filinki