Yara da wayoyin iyayensu mata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da rumfar cajin waya a Kurna, Kano. Yawanci yara ake aikowa karɓar waya, wasu ko shekara 10 ba su kai ba, amma kafin su bar rumfar sun buɗe TikTok. Ƙa'idar TikTok da Facebook shekara 13 ce, sai yaro ya ƙara wa kansa shekaru wajen rajista, shi ke nan.

Abin da ya fi damuna 'yan damfara ne. A kira a ce daga banki ne, yaro ya karanto lambar da aka turo, kuɗin adashen uwarsa su tafi.

Don Allah iyaye mata, ku sa wa wayoyinku makulli kafin ku aiko su caji.

Naku,
Mai cajin waya, Kurna