A Koya wa Matasanmu Zana Kunnen Roba da Kwamfuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin asibitocin koyarwa kan wata fasaha da za ta amfani waɗanda aka haifa da nakasasshen kunne, da waɗanda suka rasa nasu a hatsarin babur ko gobara.

Idan mutum yana da kunne ɗaya lafiyayye, sai a ɗauki siffarsa da na'urar ɗaukar hoto mai auna tsawo da faɗi da zurfi, a shigar da ita cikin manhaja irin su Blender, wadda kyauta ce, a juya ta yadda kunnen dama zai zama na hagu. Wurin da gwaninta take shi ne gefen kunnen, domin dole a sirance shi sosai ya kwanta a kan fata ba tare da an ga mahaɗa ba. Bayan an gama zanen, sai a buga shi da na'urar buga abubuwa ta 3D, wadda ke fitar da zanen kwamfuta a matsayin abin da za a iya riƙewa a hannu, amma galibi ba kunnen ake bugawa kai tsaye ba. Mazubinsa ake bugawa, a zuba robar silikon da aka haɗa da launin fatar mai shi, sannan a manna da gam na musamman ko maganaɗisu.

Kunnen roba ba ya dawo da ji, kuma rana tana dusashe launinsa, shi ya sa ajiye zanen a kwamfuta yake da amfani: bayan 'yan shekaru sai a sake bugawa kawai. A ganina, ya kamata sassan haƙori da tiyatar gyaran fuska su fara horar da ma'aikatansu a kan wannan aiki.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya