Sinadarin laimar kwaɗi da ciwon damuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana kan psilocybin, sinadarin da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke gwadawa a kan masu ciwon damuwar da ya gagari magungunan da aka saba.

Tun 1 ga Yulin 2023 Ostireliya ta yarda wasu likitocin da ta tantance su riƙa ba da shi. Abin lura shi ne yadda ake yi. Mara lafiya na kwance, an rufe masa ido, sauti mai taushi a kunnensa, ƙwararru na zaune kusa da shi wajen awa shida. Kafin ranar an shirya shi, bayanta kuma a zauna a warware abin da ya taso masa, har da kukan da ya sha.

A 2021 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun ga mahaɗan jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓeraye sun ƙaru bayan an ba su sinadarin sau ɗaya. To amma ɓera ba mutum ba ne, kuma masu tarihin taɓin hankali a danginsu ba a saka su cikin gwajin. Fargabata kada matasa su ji rabin labari su nemi sinadarin da kansu.

Naka,
Mai karatu