Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayenmu da yayyenmu da ƙanne. Ga rahoton bana nan kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa sakatare ya fitar duk ƙarshen Disamba. Na san wasu za su gangara ƙasa kai tsaye su duba ko an sa sunansu cikin masu bashi, to ku kwantar da hankali babu sunan kowa, Shugaba ne ya hana, da don ta ni ne da kun gani.

Zaman wata-wata an yi shi, ban da na watan azumi da na Agusta da aka watse hutu.

Babban abin da muka yi bana, kuma wanda ko gobe aka tashe ni daga barci zan ba da labarinsa, shi ne tafiyarmu Zolder kallon gasar ƙasar Beljiyam ta kuros, wato tseren keke cikin laka, ranar Lahadi 12 ga Janairu. Waɗanda suka je sun san me aka yi, waɗanda suka ce sanyi ya yi yawa suka ja bargo kuma sai su karanta su ciji yatsa. Mun tashi daga Brussels da farar safiya mota biyu da ƙaramar bas ɗin da muka yi haya, 'yan Antwerp suka same mu a can, Hajiya da matan kwamitin abinci tun dare suka dafa shinkafa da kaza suka cika filas-filas da shayi mai citta, Allah ya saka musu da alheri don in ba su ba da mun sha wuya, kun san abin da ake sayarwa a irin wuraren nan, giya ce da tsiren alade, sai soyayyen dankali wanda shi ma sai da aka yi ta muhawara a kan man da ake soya shi da shi har Malam ya ce kowa ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi a bar maganar.

Filin kansa na tseren motoci ne a lardin Limburg, a da har Formula 1 ake yi a wurin, amma 'yan kuros sun daɗe da mayar da shi gidansu, an yi gasar duniya a can a 1970 da 2002 da 2016. A ta 2016 ɗin ce Wout van Aert ya fara zama zakaran duniya na manya, kuma a ita ce aka kama keken wata yarinya da inji a ɓoye a cikinsa, abin da ya girgiza duniyar keke gaba ɗaya. Na gaya wa yara wannan a bas sai ga ɗan autan ma'aji yana tambaya ko a ina ake sayar da irin injin.

Tseren mata aka fara kafin na maza, kuma gaskiya shi ne ya fi taɓa ni. Sanne Cant ta riƙe rigar zakarar Beljiyam shekara 15 a jere, daga 2010 har 2024 babu macen da ta ƙwace mata, ga kambun duniya uku a 2017 da 2018 da 2019, to a bana wannan zamanin ya ƙare, Marion Norbert Riberolle ce ta ɗauka. Ita kuma abin da ya sa mutanenmu suka yi ta ihu a kanta, ta taɓa cin rigar Faransa a 2020 kafin ta koma tsere da sunan Beljiyam, Alhaji na Antwerp ya ce ashe ba mu kaɗai ke fama da canjin takardu ba, dariya har da masu riƙe ciki. 'Yan matanmu guda biyu da suka zo tun daga ranar suke damun iyayensu a saya musu keke, kuma zan dawo kan wannan maganar a ƙasa.

Muka yi azahar da la'asar a gefen bas, kan kwalaye da ledar da Shugaba ya yi dabarar kawowa, sannan muka koma bakin igiya muka kama wuri kusa da inda suke canja keke. Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane ba, a talabijin kamar wasa ne. Awa ɗaya cur suna zagaya hanyar da ba ta wuce kilomita uku da 'yan kai ba, ga laka ga gangara ga hawa, wani wurin mutum ya diro ya saɓa keken a kafaɗa ya ruga da gudu ya sake ɗarewa ba tare da ya tsaya ba, in keken ya cika da laka ya miƙa wa makanikai ya karɓi wani wankakke yana cikin gudun, su kuma su ruga su wanke wancan da injin feshin ruwa kafin ya zagayo. Tayar ma doka ta ƙayyade faɗinta kada ya wuce milimita 33. Van Aert bai zo ba ranar, wasu cikinmu don shi suka biya kuɗin mota sun ɗan ɓata rai, amma Thibau Nys ya mantar da su. Yaro ɗan shekara 22 ya ci rigar nan mai baƙi da rawaya da ja, rigar da babansa Sven Nys ya fara sawa a 2000 ya kuma ci ta sau 9, na ƙarshe a 2014, ga uban nan a wurin don shi ke jagorantar kulob ɗin da ɗan yake ciki. Laurens Sweeck ya zo na biyu, Toon Aerts na uku, su ma duk tsoffin masu rigar ne, Aerts a 2019 Sweeck a 2020. Wani dattijo Bafulamanke da ke kusa da mu da ya ga yaranmu na kiran sunan Thibau ya cire hular sanyinsa mai sunan Nys ya ɗora wa ɗaya daga ciki, yaron har yau da ita yake zuwa makaranta. Mun dawo gida bayan isha kowa takalminsa ya yi kaca-kaca, babu wanda ya ɓata babu wanda ya yi rashin lafiya, alhamdulillahi. Kuɗin bas da na shiga waɗanda suka je ne suka biya daga aljihunsu, ko sisi ba a taɓa na asusu ba, ina so a riƙe wannan don na ji ana raɗe-raɗin wai kuɗin ƙungiya aka ci a tafiyar.

Da wannan zumuɗin aka yanke a zaman Janairu cewa za mu tsallaka Liévin ta Faransa kallon gasar duniya farkon Fabrairu, tunda ba nisa daga kan iyaka. Hannu kusan kowa ya ɗaga, da aka zo biyan kuɗin ajiyar bas mutum huɗu suka turo, mai bas ya jira ya gaji ya ba wasu. A falon Shugaba muka kalli Mathieu van der Poel ya ci kambunsa na 7 ya kamo Erik De Vlaeminck, Van Aert na biyu Thibau na uku, tseren da za mu iya gani ido da ido. Ba laifin kwamiti ba ne, saƙon tuni na nan a guruf ɗin WhatsApp kowa ya duba.

Sai maganar ɗan littafin tarihin zakarun ƙasa da muka yi alkawarin fitarwa da Hausa don yaranmu da mutanen gida da ke tambayarmu wai wane irin tsere ne wannan na shiga laka da gangan. Bai fito ba, kuma tunda ni ake tare wa a bakin masallaci ana tambaya bari in yi bayani sau ɗaya. Ɓangaren Beljiyam na gama shi tun kafin babbar sallah. Ya fara daga 1910 da Philippe Thys ya ci ta farko, shi ne wanda daga baya ya ci Tour de France sau uku, ya biyo ta kan Albert Van Damme mai riga 6, da De Vlaeminck wanda ya ci duniya sau 7 amma ta gida sau 4 kacal, wanda ke nuna muku a ƙasar nan wani lokacin cin gida ya fi cin duniya wuya, sai Roland Liboton da ya kulle ƙofa shekara 10 a jere daga 1980 zuwa 1989, har yau babu namijin da ya kamo shi, Sven Nys ma da 9 ya tsaya. Sai zamanin Mario De Clercq da Bart Wellens da Niels Albert da Klaas Vantornout, sai Van Aert mai 5, uku a jere daga 2016 zuwa 2018 sannan 2021 da 2022, Michael Vanthourenhout a 2023, Eli Iserbyt a 2024. Duk yana nan a kwamfutata a rubuce.

Ɓangaren Faransa wanda ya karɓa ya kawo mini shafi ɗaya da rabi, alhali nan ne tushen abin, don su suka fara gasar ƙasa tun 1902 da ƙoƙarin Daniel Gousseau, kafin Beljiyam da shekara takwas, kafin Switzalan ta bi a 1912, Luksambur 1923, Sifaniya 1929, Italiya 1930, ita kuwa gasar duniya sai 1950 a Paris Jean Robic ya ci. Ko sunan Eugène Christophe bai sa ba, mutumin da ya ci rigar Faransa sau 6 a jere daga 1909 zuwa 1914 ya ƙara a 1921, kuma shi ne na farko da ya sa rigar rawaya ta Tour a 1919. Ni na cike wannan da dare bayan na taso daga aiki. Na Holan kuwa wanda ya ce a bar masa tunda yana jin yaren, tun watan Maris in na kira sai ya ce yana kan hanya, abin da ke hannuna kawai shi ne Van der Poel ya ci sau 6 a jere daga 2015 zuwa 2020, wannan ko yaranmu sun sani. Ga kuma hotuna, ba a ɗauko hoton mutum a intanet a buga a littafi haka kawai a ƙasar nan, biya ake yi, ga kuɗin maɗaba'a, asusu kuma kun san halin da yake ciki. To da me za a buga? Wasu sun ce a tura shi haka a guruf, ni dai ban yarda a fitar da rabin aiki da sunan ƙungiya ba, amma in zama ya yanke haka shikenan.

Kekunan yara ma haka. An ce za a sayi na hannu guda shida a riƙa kai su atisaye ranar Asabar, biyu muka iya saya, ɗaya ma sai da Mataimakin Shugaba ya sa masa birki da sarƙa da kuɗinsa. An fita atisaye a daminar nan ta kaka sau kaɗan, yara sun fi kekunan yawa ana ta karɓa-karɓa har da kuka, iyaye kuma sai su sauke yaro a bakin fili su wuce kasuwa su bar mutum biyu da garken yara, in wani ya faɗi ya karye wa zai amsa? Shi ya sa muka dakatar har sai an yi inshora, ba don lalaci ba kamar yadda wata ta rubuta a guruf. Alkawarin kai su Baal wurin atisayen Sven Nys yana nan, ba a soke ba, kuɗin mota ne babu. Tsoffin kekunan da aka tara don aikawa gida suna garejin Alhaji, kuɗin kwantena ya tashi, shi kuma ya fara maganar yana son wurin motarsa, yana da gaskiya.

Kuɗin wata Yuro 5 ne, bai canja ba tun da aka kafa ƙungiyar nan. Waɗanda suka biya na shekara cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma su ne dai mutanen bara da na bara waccan, su ne masu dafa abinci su ne masu ɗaukar yara a motarsu. Akwai masu bashin shekara biyu da in Van der Poel ya ci su ne na farko wajen turo bidiyo da sitika, in aka sa lambar akawun sai guruf ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wanda ba shi da aiki ko takardunsa ba su fito ba mun sani, tun farko an yafe masa kuma babu mai jin sunansa a bakina, ba da su nake ba. Da masu hali nake, waɗanda sai na kira na sake kira na bi su wurin aiki kamar ni nake bin su bashin kaina. Ni ma ina da iyali ina da aikin dare, sakatare aka zaɓe ni, karɓar kuɗi aikin ma'aji ne, na shiga ne don na ga abin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, kuma na gaya wa Shugaba daga Janairu na daina. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita a zama mai zuwa, risit na nan a fayil ga duk mai son dubawa.

Gasar ƙasa ta badi a ƙarshen mako na biyu na Janairu take kamar kullum. Mai son zuwa ya tura kuɗin bas ga ma'aji kafin zaman farkon wata, ɗaga hannu ba ya cikin lissafi wannan karon, in kuɗin bai cika ba kowa ya nemi jirgin ƙasa. A zaman ne kuma za a yanke maganar littafi da ta kekunan garejin Alhaji, da ko za a cire masu bashin shekara biyu daga guruf. Mai ɓangaren Holan dan Allah ka zo da abin da ka rubuta ko layi biyar ne.

Wassalam,
Sakatare