Tsoffin Finafinan da Ba Magana Sun Dawo Kan Faifai, Saura Na Filato

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi farin cikina game da tsoffin finafinan nan na kafin a fara sa murya, waɗanda yanzu ake gyarawa ana fitarwa kan faifan DVD. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko mini da wasu, kuma tun daga lokacin falona bai rabu da baƙi bayan isha'i ba.

Abin da ya fi burge ni, ba sa bukatar tafinta. Inna ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma da aka zo wurin da yunwa ta sa Charlie Chaplin ya dafa takalminsa a fim ɗinsa na 1925, ya zauna da cokali mai yatsu yana naɗe igiyar takalmin kamar taliya, sai da ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Akwai maƙwabcinmu kurma, tela ne, da bai taɓa zama kallo da mu ba. Yanzu shi ke fara zuwa.

Da can in an nuna irinsu, mutanen ciki na ta zabura suna sauri-sauri. Ba haka aka ɗauke su ba. Da hannu ake juya kyamarar, galibi hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, daga baya aka riƙa haska su da gudun 24. Sababbin faifan sun daidaita gudun, an goge karce-karcen da ke jikin hoton, an sa kiɗa, don a zamaninsu ma akwai mai kaɗa fiyano a gidan siliman.

Sa'a ce ma da suka kawo yanzu. Fim ɗin wancan zamani na cin wuta kuma yana ruɓewa. Binciken Laburaren Majalisar Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa murya sun salwanta. Metropolis na Jamus, na 1927, sai a 2008 aka tsinci kusan minti 25 da suka ɓace daga cikinsa a Ajantina.

To ga inda zancen ya shafe mu. A 1926 wani Bature, Geoffrey Barkas, ya fitar da Palaver, fim marar murya da ya ɗauka nan ƙasar Filato cikin Angasawa da Surawa, labarin wani Di'o da mai haƙar kuza. Kallon raini ya yi wa mutanenmu, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma ba na kare shi. Amma duwatsun namu ne, fuskokin na kakannin maƙwabtanmu ne, kusan ƙarni guda ke nan. Kwafinsa yana Cibiyar Finafinai ta Birtaniya.

Hukumar Finafinai ta Najeriya da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa duk a Jos suke. Ina roƙonsu su nemi izini su fitar da shi kan faifai, a mayar da rubutun da ke tsakanin hotuna zuwa Hausa da Angasanci, a sa masanin tarihi ya yi bayani a farko, a sayar da shi kan farashin da talaka zai iya a kasuwar Taminus.

Naku,
Mai karatu daga Gangare, Jos