Kada a cire intakula don mota ta noƙe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana kanikawa da masu manyan motoci a kan wata ɗabi'a da ta fara yawa a garejojinmu, kuma tana damuna ƙwarai.

Direba zai kawo DAF ko Howo ya ce in ya taka totur sai motar ta noƙe, ta yi jim kafin ta ɗauka, ga baƙin hayaƙi a baya. Tun ba a kwance ko noti ɗaya ba sai a yanke hukunci cewa intakula ce, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji. Wannan ya ce a cire ta a haɗa bututun turbo kai tsaye da inji, wancan ya ce a je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a nemo wadda ta fi ta girma. Ni duka biyun ban yarda da su ba.

Turbo matse iska yake yi, iskar da aka matse kuwa zafi take ɗauka. A mota mai lodi a kan hawa zafin yana haura digiri 150. Intakular da ke gaban lagireto ita ce ke sauke shi zuwa wajen 50 ko 60 kafin iskar ta shiga inji, sannan gas ya ƙone yadda ya kamata. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, ranar da aka cire ta motar tana iya ja sosai, direba ya tafi yana sa albarka. Dalili kuwa, intakular dama ta tsage tana zubar da iska, cire ta ya kawar da ramin ne kawai. To bari watan Afrilu ya zo, rana ta wuce digiri 40, a ɗauko siminti a tunkari Hawan Kibo a hanyar Jos. Iska mai zafi na shiga, zafin salansa na hauhawa, fistin da bawul da gaskit ne ke shan wuya. Mai motar da ya guji kuɗin walda sai ya wayi gari ana sauke masa inji.

Babbar ma ba magani ba ce. Sai turbo ya cika ta da iska kafin inji ya samu, noƙewar ta ƙaru, ga tare wa lagireto iska.

A fara dubawa da ido. Inda iska ke fita yakan bar shaida: ɗan baƙin mai da ƙura ta manne masa, yawanci a kusurwar da tankin alminiyam ya haɗu da siraran bututun, ko a bakin tiyo inda maɗauri ya saki. Direba mai kunne zai ce maka yana jin fito in ya taka. A toshe bakunan intakular biyu, a ba ta iska mai matsi kamar ba (bar) 2 a agogon auna iska, a watsa ruwan omo. Inda kumfa ya tashi nan ne matsalar. Don Allah a ɗaure abin toshewar da sarƙa, kuma kada yaro ya tsaya a gabansa, domin in ya ƙwace da ƙarfi yake fita.

In ba ta zubarwa, a bar ta a koma kan filtar gas, musamman ga mai shan gas ɗin bakin hanya da ruwa ke shiga, sai filtar iska da ƙurar hunturu ke toshewa, sai nozul da na'urar auna ƙarfin iska. A kuma leƙa tsakanin lagireto da intakula, inda ƙura da ƙaiƙayi ke taruwa, a wanke daga baya zuwa gaba a hankali kada ganyayyakin su lanƙwashe.

Alhazawanmu masu motoci, ku ce a nuna muku kumfan kafin ku biya. In tanki ne ya tsage, mai waldar alminiyam zai gyara shi. In bututun ciki ne suka yi yawan zubarwa, a sayo wata daidai girman wadda kamfani ya sa.

Naka,
Bakaniken manyan motoci, Kano